Istifanus: rawani ne ko kambi, kuma ta ina sunan ya shigo Hausa?

Mama Saratu:
Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Akwai maganganu uku da ke yawo a kan sunan Istifanus, shahidin nan da aka jajjefe a littafin Ayyukan Manzanni, a wa'azi da wajen zanen suna. Wasu na cewa sunan Ibrananci ne, tunda mai shi Bayahude ne a Urushalima. Wasu na cewa ma'anarsa rawani, har a yi wa jariri addu'ar sarauta da shi. Wasu kuma na cewa ikilisiya ce ta laƙaba masa sunan bayan an jajjefe shi, wai don ya karɓi rawanin rai. Masu Helenanci, wato harshen Girka, da masu Larabci a cikinmu, ku warware mana.

Malam Danladi:
Mama, sannu da wannan tambaya. Ta farkon a ajiye ta gefe, sunan ba na Ibrananci ba ne. Helenanci ne tsantsa: Stephanos. Ya fito daga aikatau stepho, wato kewaye abu, ko ɗaura wani abu ya zagaye kai. Stephanos shi ne abin da aka kitsa da ganye ko reshe ko fure aka ɗora wa mutum a kai. A gasar Olimfiya, wadda ake yi duk bayan shekara 4, da reshen zaitun na daji ake kitsa shi. A gasar Delfi, da ganyen wata bishiya mai ƙamshi da suke kira dafne. A gasar da ake yi dab da Korinti duk bayan shekara 2, wani zamani da rassan wata bishiya mai ganye kamar allura, wani zamani da busasshen ganyen seleri. Shi ya sa Bulus ya ce wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta fari 9:25, masu tsere suna wahalar da jikinsu don abin da zai lalace. Ba misali mai nisa ya kawo musu ba. Sun san ganyen nan kwana kaɗan yake yi ya yanƙwane.

Ta ukun ma ba ta tsaya ba. A Ayyukan Manzanni 6:5, tun ranar da aka zaɓe shi yana da rai da lafiya, da sunan nan ake kiransa. Kuma sunan ya girmi Kiristanci nesa ba kusa ba. A Atina, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Almasihu, akwai jawaban shari'a da aka adana waɗanda wanda ake ƙara a cikinsu sunansa Stephanos. A Roma ma, mutumin da ya fara daɓa wa sarki Domishiyan wuƙa a shekara ta 96, wani ma'aikacin gidan manya ne mai suna Stephanus. Suna ne na kowa da kowa, bawa da ɗa.

Baba Katikis:
Malam Danladi, na yarda da asalin. Amma kada mu yi saurin watsar da rawani. Tsofaffinmu da "rawanin ƙaya" da "rawanin rai" suka haddace nassi, da su ake waƙa a majami'u har gobe. Bahaushe idan ya ji rawani ya san daraja ake nufi, ya san abu ne da wani babba ke naɗa maka, ba kai ke naɗa wa kanka ba. Wannan ɓangaren ma'anar ya dace da kalmar.

Malam Danladi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ɓangaren naɗawar ya dace, ban musa ba. Inda rawani ke ɓatar da mutane shi ne yana jan hankali zuwa fada: sarki, hakimi, dagaci, mulki. Helenanci kuwa yana da wata kalma daban don alamar mulki, diadema, wani ƙyalle da sarakuna ke ɗaurewa a goshi. A Sabon Alkawari duka sau 3 kacal ta zo, dukansu a Wahayi: 12:3, 13:1 da 19:12. Stephanos a ma'anar abin sawa a kai ya zo sau 18. Kalmar Hausa da ta fi kusa ita ce kambi, ko kambu yadda 'yan jaridar wasanni ke faɗa, "sun lashe kambun gasar". Ko a duba takobin da ake ba gwarzon kokawar gargajiya a Nijar. Wanda ya ɗauki takobin bai zama sarkin gari ba, amma ya kada kowa a fili, idon jama'a na gani. Wannan ita ce zuciyar kalmar.

Rabaran Ishaya:
Bari in sa baki, don wannan rarrabewar ana wuce gona da iri da ita a kan bagade. Mai wa'azi zai ce stephanos na nasara ne kawai, diadema na sarauta ne kawai, kamar an ja layi da reza. Nassi bai bi wannan layin ba a ko'ina. A tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari, 2 Sama'ila 12:30, abin da Dawuda ya cire daga kan sarkin Ammonawa, na zinariya mai nauyin talanti guda, wani babban ma'aunin nauyi na wancan zamani, stephanos aka kira shi. A Wahayi 4:4 dattawa 24 suna zaune a kan kursiyai da stephanos na zinariya. Kuma sojojin da suka kitsa ƙaya suka ɗora wa Yesu a Matiyu 27:29, stephanos aka rubuta, alhali ba'ar da suke yi ta sarauta ce: alkyabba, sanda a hannu, gaisuwar sarki. To kun ga kalmar tana iya taɓa sarauta. Abin da za a faɗa ba tare da kuskure ba shi ne: asalinta abin da aka kitsa aka zagaye kai da shi, yawancin amfaninta na girmamawa da nasara da biki ne, wani lokaci kuma ta kai ga sarauta. Don haka wanda ya ce rawani bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗauki gefe ya bar tsakiya.

Malam Danladi:
Na karɓi gyara, Rabaran. Ayar Sama'ila ta isa hujja.

Malam Habu:
Assalamu alaikum, jama'a. Ni ta wajen Larabci zan shigo, don akwai kuskure na huɗu da Mama ba ta ambata ba, kuma a bakin almajirai ake jin sa. Idan ɗalibin Larabci ya ji Istifanus, sai kunnensa ya kai shi ga isɗifa'i, wato zaɓe, tushen da sunan Musɗafa ya fito. Abin da ke ƙara ruɗa shi, Larabawa Kiristoci suna rubuta sunan wani lokaci da harafin ɗa mai hannu, Isɗifan ko Isɗifanus. Sai ya yanke cewa ma'anarsa zaɓaɓɓe. Babu dangantaka ko ta anini. Musɗafa daga tushen Larabci yake mai haruffa uku, sadi da fa da wau, na tsarki da tacewa. Istifanus baƙon suna ne da Larabci ya ara ya daidaita da bakinsa. Kamar sauti ce kawai.

Amma Larabci na da amfani babba a nan, don ta hannunsa siffar sunan ta iso Hausa, kuma ana iya tabbatar da haka daga sautin kansa. Ku bi ni a hankali.

Larabci ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere ba wasali. Idan ya ari irin wannan kalma, sai ya sa wasali a gabanta. Platon ya zama Aflaɗun, klima ya zama iƙlim, spongos ya zama isfanj. Haka Stephanos ya zama Istifanus.

Hausa ma ba ta son baƙaƙe biyu a farkon kalma, amma maganinta daban ne. Ita tsakaninsu take cusa wasalin. Dubi kalmomin da muka aro daga Turanci: sito, sitiyari, sitati, sukurudireba. Ba mu ce isto ko istiyari ba. Shi ya sa idan Bahaushe ya ji sunan daga bakin Bature yakan ce Sitibin. Da ta Turanci sunan ya shigo, da Sitibin ko Sitifin za mu gani a Littafi Mai Tsarki. Wannan "I" ta farkon Istifanus tambarin Larabci ce.

Ladi:
Malam Habu, wannan hujjar ta yi ƙarfi. In ƙara mata wata daga sauran sunayen. Bahaushe idan ya ari kalma mai "p" daga Turanci, "f" yake mayar da ita: fensir, fasfo, famfo, fasto. Balarabe kuwa a sunayen nan "b" yake mayar da ita, don ba shi da "p". Yanzu dubi Bulus, Bitrus, Bilatus, Biriskilla. Duk "p" ce a Helenanci, duk "b" ce a Hausa. Da hanyar Turanci aka bi, da Fol da Fita muke kira. Sunan da ya fi nuna abin a fili shi ne na abokin aikin Istifanus, Filibus. A Helenanci Philippos ne. "Ph" ta farko ta zama "f", "pp" ta tsakiya ta zama "b", daidai yadda Larabci ya yi da shi. Suna ɗaya, ƙa'idoji biyu.

Ƙarshen "-us" ma ba ɓangaren ma'ana ba ne. A Helenanci "-os" alama ce ta nahawu, ta suna namiji idan shi ne mai aikatawa a jimla. Larabci ya ɗauke ta tare da sunan kamar jikinsa ce, Hausa ta gada haka: Markus, Titus, Timotawus.

Baba Katikis:
To su waye suka kawo wannan siffar, 'yata?

Ladi:
Baba, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, kuma Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS na cocin Angilika a ƙasar Zazzau yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin. A lokacin, fassarar Larabci da aka gama a Beirut a 1865, wadda aka fi sani da sunan Van Dyck, ta riga ta bazu a hannun 'yan mishan. A cikinta sunan Istifanus ne. Su kuma Larabawa Kiristoci na Sham da Masar sun daɗe da waɗannan sunaye ɗaruruwan shekaru kafin wannan fassarar. Ga masu aiki a ƙasar da ta saba da Ibrahim da Musa da Dawuda da Maryamu, bin siffar Larabci a sauran sunayen ya fi zama a kunne.

Malam Habu:
Kuma fassarar Larabcin nan ta kiyaye bambancin da Malam Danladi da Rabaran suke tattaunawa. Na ƙaya ta kira shi iklil, abin da aka kitsa. Na Wahayi 19:12 ta ce tijan, jam'in taj, na sarauta. Kalmomi biyu, kamar yadda suke a asali. Hausa ce ta rasa biyun da za su tsaya daram, shi ya sa wata fassara ta ce rawani, wata ta ce kambi.

Mama Saratu:
Madalla. To me ya sa Bayahude a Urushalima zai ɗauki sunan Helenanci? Nan ne mutane ke cijewa.

Rabaran Ishaya:
Mama, amsar na cikin Ayyukan Manzanni 6:1. Ikilisiyar farko kashi biyu ce ta wajen harshe: Yahudawa masu Aramiya, 'yan gida, da Yahudawa masu Helenanci, waɗanda su ko iyayensu suka zauna a ƙasashen waje suka dawo. Gunaguni ya tashi don ana tsallake gwaurayen masu Helenanci a rabon abinci na kullum. Manzanni 12 suka ce jama'a su zaɓi mutum 7. Ku karanta sunayen a aya ta 5: Istifanus, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya wanda ya shiga addinin Yahudawa daga waje. Bakwai ɗin nan duk sunayen Helenanci ne. Mafi yawan masana na ɗaukar haka alama ce cewa an danƙa rabon a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Sai dai a yi hattara, suna kaɗai ba ya tabbatar da harshen mutum, don Andarawus da Filibus na cikin sha biyun ma sunayen Helenanci ne da su, kuma Galilawa ne. Abin da ya ƙara nauyi game da Istifanus shi ne waɗanda suka yi gardama da shi a 6:9: mutanen majami'ar 'Yantattu, da na Kurane da Iskandariya, da na Kilikiya da Asiya. Kurane tana Libiya ta yau, Iskandariya a Masar. Cikin masu Helenanci yake muhawararsa.

Wani abu kuma da ake yawan faɗa ba tare da dubawa ba: "Istifanus dikin ne na fari." Sura ta 6 ba ta kira bakwai ɗin dikinoni ba, wato masu muƙamin hidima a ikilisiya. Ta yi amfani da kalmar hidima da aikatau na yin hidima, waɗanda suke tushe ɗaya da dikin, amma laƙabin bai fito ba. A 21:8 ma Filibus "ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan" aka kira shi. Irenayus, bishof na Liyon a ƙarshen ƙarni na 2, yana cikin na farkon da suka kira Istifanus dikin, daga nan al'adar ta kafu.

Malam Danladi:
A nan ne maganar Mama ta uku ta samo ƙafa, ko da yake a juye take. Ba mutuwarsa ce ta ba shi suna ba. Masu wa'azin ƙarni na 4 da na 5, waɗanda suka san ma'anar kalmar, su ne suka ga yadda sunan ya yi daidai da ƙarshensa, suka haɗa shi da Wahayi 2:10, alkawarin kambin rai ga wanda ya yi aminci har mutuwa. Wa'azi ne mai kyau kuma yana da tushe. Kuskuren shi ne a mai da wa'azin tarihi.

Akwai kalmar da ita kam ta canza a kansa da irinsa. A Ayyukan Manzanni 22:20 Bulus ya ce an zub da jinin Istifanus, martys ɗinka. Martys a lokacin mai ba da shaida ne, kamar a gaban alƙali. Sannu a hankali, da aka yi ta kashe masu shaidar, kalmar ta koma nufin wanda aka kashe saboda bangaskiya.

Malam Habu:
Irin tafiyar da kalmar shahid ta yi a Larabci ke nan. Shaida, shahada, shahidi, duk tushe ɗaya, kuma Hausa ta ɗauki ukun.

Ladi:
Sai a kula da wani mutum daban da ake cakuɗawa da shi. A 1 Korintiyawa 1:16 da 16:15 da 16:17 akwai Stephanas, wanda Bulus ya yi wa iyalin gidansa baftisma, ya kira su nunan fari na Akaya. Tushen sunan ɗaya ne, mutumin daban. Na Urushalima ya mutu wajen shekara ta 33 zuwa 36, tun Bulus yana Shawulu mai tsaron tufafin masu jifa. Na Korinti kuwa yana raye wajen shekara 20 bayan haka, har ya kai wa Bulus ziyara a Afisa. Sunan na farko ya zo sau 7, duka a Ayyukan Manzanni: 6:5, 6:8, 6:9, 7:59, 8:2, 11:19, 22:20. Na biyu sau 3, duka a wasiƙa ɗaya. A rubutun Hausa harafi ɗaya ne tsakanin Istifanus da Istifanas, kuma mutane na amfani da duka biyun ga shahidin, to littafin da sunan ya fito shi ne ma'auni, ba wasalin ƙarshe ba.

Baba Katikis:
Ranar tunawa da shi fa, 26 ga Disamba, washegarin Kirsimeti. Abin da aka saba koyarwa shi ne an sa ta ne don ranar aka kai ƙasusuwansa Urushalima.

Rabaran Ishaya:
Baba, rabin maganar daidai ne. A Disamba ta 415 wani firist mai suna Lusiyan, a ƙauyen Kafar Gamala da ke yankin Urushalima, ya ce an nuna masa kabarin a mafarki. Aka tona, aka ɗauki ƙasusuwan zuwa majami'ar Sihiyona a Urushalima ranar 26 ga watan. Amma ranar ta riga wannan. Akwai jerin shahidai na harshen Suriyanci da aka rubuta a birnin Edessa, a Turkiyya ta yau, a 411, ya riga ya sa Istifanus a 26 ga Disamba, kuma bishof Giregori na Nisa ya yi wa'azi a kansa washegarin Kirsimeti tun ƙarshen ƙarni na 4. Ikilisiyoyin Otodoks na gabas kuwa 27 ga Disamba suke yi.

Abin da 415 ta yi shi ne ta watsa sunan. Aka rarraba ɓangarorin ƙasusuwan, wasu suka haye teku zuwa Afirka ta Arewa. Agustin, bishof na Hippo, inda Annaba take a Aljeriya yanzu, ya gina musu wuri wajen 425 ya kuma rubuta warkaswar da mutane suka ce sun samu. Sarauniya Yudokiya ta gina babbar majami'a da sunansa a arewacin Ƙofar Dimashƙu a Urushalima. Ko kafin haka akwai Fafaroma Istifanus na ɗaya, daga 254 zuwa 257, amma bayan ƙarni na 5 ne sunan ya cika Turai. Sarkin Hangari na farko, wanda aka haifa da suna Vajk, da aka yi masa baftisma ya zama István, aka naɗa shi wajen shekara ta 1000. Ingila ta yi sarki Stephen daga 1135 zuwa 1154.

A labarin Lusiyan ɗin nan an ce a kan kabarin an ga suna mai kama da Kelil, kalmar Aramiya ta kambi, 'yar'uwar iklil da Malam Habu ya kawo. Daga nan wasu ke ɗauko zancen cewa yana da sunan gida na Yahudawa. Labari ne na kusan shekara 380 bayan mutuwarsa, Sabon Alkawari bai san da shi ba.

Mama Saratu:
Ɗaya ta rage, wadda ta shafi takardu. Iyaye na raɗa wa yaro Istifanus a majami'a, a makaranta malami ya rubuta Stephen, a banki a rubuta Steven. Suna ɗaya ne, ko ba haka ba?

Ladi:
Mama, a tarihi suna ɗaya ne. Stephen da Steven furuci ɗaya ne: "f" da ke tsakanin wasula biyu ta koma "v" a bakin mutanen Ingila, wani rubutun ya riƙe "ph" ta asali, wani ya bi furuci. Faransanci ya sa wasali a gaba kamar Larabci, ya zama Estienne, daga baya "s" ta faɗi ya zama Étienne, wanda shi za a gani a takardun baftisma a Nijar da Kamaru da Chadi. Sifaniyanci Esteban, Italiyanci Stefano, Rashanci Stepan, Habasha Estifanos. Na mata Stephanie ne ko Stefaniya.

Amma kwamfutar ofis ba ta san tarihi ba, haruffa take gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Idan takardar haihuwa ta ce Istifanus, sakamakon WAEC ya ce Stephen, NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, ta ce Steven, mutum uku ne a idonta. A wajen haɗa NIN da BVN ta banki, ko neman fasfo, ko tantance takardun shiga jami'a ne abin ke tsayawa. Gyaransa yakan bi ta takardar rantsuwa a kotu, sau da yawa da sanarwa a jarida, sannan a bi kowace hukuma daban a nemi ta gyara nata, kuma sakamakon jarrabawa shi ya fi wuyar taɓawa. Hanya mafi sauƙi ita ce tun ranar suna a tsai da rubutu guda, harafi bayan harafi, a sa shi a takardar haihuwa, a kai wannan takardar ranar shigar da yaro firamare, a kuma duba fom ɗin rajistar jarrabawa kafin makaranta ta tura. Idan ana son duka biyun, a sa ɗaya ya zama na tsakiya tun farko, a riƙe jerin yadda yake.

Malam Danladi:
Kuma a kula da wasalin ƙarshe a nan ma. Istifanus da Istifanas, "u" da "a", sun isa su tsai da takarda kamar yadda Stephen da Steven ke yi. Mai cike fom da hannu ya rufe saman "a" da kyau, don mai shigarwa a kwamfuta yakan karanta ta "u" idan an bar ta a buɗe.